Ƙarar da ke Ƙarƙashin Kujera

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wanda ya kawo gyaran inji sai ya ajiye injin ya ja benci ya zauna, wanda bai kawo komai ba shi ma ya zauna, tambaya dai guda: Rabe, yaya jirgin sama yake? Har akwai wanda ya tambaye ni ko ana ganin tabkin Madarumfa daga can bisa. Ba a gani. Hanyar ba ta nan ta bi ba, kuma ko ta bi, ni ba wajen taga hankalina yake ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina riƙe da buji, wato fulogin inji, a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, aikina gyaran injin ban ruwa. Shekara ashirin da wani abu ina bin lambunan bakin tabki har zuwa wajen Safo, kuma da kunnena nake cin abinci. Tun kafin in shiga lambu na san ko karbirato ne ya toshe ko isansi, wato fetur, ne ya sha ruwa. A wurinmu inji mai lafiya muryarsa guda ce. In ta canza akwai magana, in ta yi ƙasa farat ɗaya to ya mutu ko yana kan hanya. Wannan ilimin da nake taƙama da shi, shi ya ja mini abin kunya a gaban mutane.

Abin da ya fitar da ni daga gida wana ne, Lawali. Ya tafi Abijan ina saurayi, shekara talatin da ɗaya ke nan, ya zo gida sau biyu ta mota. Da Inna ta rasu bai zo ba. Ya kira, na ji muryarsa, na kashe wayar, kuma daga ranar ban ƙara ɗauka ba har shekara tara. Ba zan yi muku ƙarya ba, fushin nan ya yi mini daɗin riƙo. Sai ga shi bayan sallar layya wani Sabi'u, mutumin Safo da ke gida ɗaya da shi a can, ya kira ni ya ce ciwon suga ya cinye idanun Lawali, zuciyarsa kuma ta kumbura, kuma kullum maganarsa guda ce, gida. Likita ya ce kwana uku cikin mota ba zai kai ba, sai dai jirgi har Yamai, daga nan a lallaɓa da shi a hankali. Jirgin ma da sharaɗi: a samu mai zama kusa da shi, kada ya firgita, don firgita ɗaya tana iya tsayar da zuciyar. 'Yan gari da ke can sun riga sun yanki biye, wato tikitin jirgi, saura mai zuwa ɗauko shi.

Matata Dije ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yanmu mata biyu kuma suna ɗakin aure, ɗaya a Sarkin Yamma ɗaya a Maradi. Ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Na zauna a tsakar gida har shayi ya huce, sannan na tashi na rufe shago. Ranar tafiya na kulle ƙofa na tsaya da makulli a hannu ina neman wanda zan ce wa sai na dawo. Ƙarshe na miƙa wa maƙwabcina makullin na ce ya riƙa ba akuya ruwa.

Na kwana a Maradi wurin 'yata, da asuba na shiga kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja. Wanda ke kusa da ni ya kama barci tun Gidan Rumji, ya ɗora mini kai a kafaɗa, in ba an tsaya ba, bai farka ba sai Dosso, ko sunansa ban sani ba amma na san nauyin kansa. A Galmi warin albasa ya shigo ta taga ya zauna tare da mu. A Ƙonni aka tsaya salla, na sayi tsire mai taurin da har Dogon Dutsi ina fama da shi a haƙori. Kowane shinge a sauko, a nuna takarda, a koma. Duk tsawon hanyar da kunnena kawai nake hira, ina sauraron injin kar ɗin, kuma na ji bel ɗinsa na kuka, amma ba wanda ya tambaye ni.

A Yamai na sauka wurin wani ɗan'uwan Sabi'u mai gadin wani gida. Ya ba ni tabarma a ɗakinsa ya tafi bakin aiki. Mutanen unguwar Zabarmawa ne, in na yi gaisuwa su amsa da fara'a, daga nan sai mu tsaya muna kallon juna, magana ta ƙare. Kwana biyu na yi ina bin takardu da allurar shawara, wadda in ba ka da karne ɗinta, wato katin shaida, ba ka shiga ƙasar mutane. Allurar ta kumbura mini hannu, abincina kuma shinkafa da miya a bakin titi, a tsaye, ni kaɗai. Ban taɓa sanin cewa a cikin taron mutane ma kaɗaici yana kama mutum haka ba.

Iyakar ƙasa ta jirgi ba shinge ba ce irin ta Ɗan Isa, wani ɗaki ne mai sanyi da ɗan sanda a bayan gilashi. Ya dube ni, ya dubi hoto, ya buga hatimi. Daga nan aka ce in zuba duk abin da ke aljihuna a wani faranti. Na zuba waya, na zuba carbi, na zuba kile dis da turnabis ɗina, wato sifana da sukudireba, waɗanda ko wurin ɗaurin aure da su nake zuwa. Ma'aikacin ya ɗaga turnabis ɗin yana dubawa kamar ya kama takobi.

Na ce, "Kayan aiki na, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Baba, jirgi za ka gyara?"

Suka karɓe duka biyun. Na wuce ina shafa aljihu.

A cikin jirgi kujerata tana kusa da wata Hajiya Zali, 'yar kasuwar atamfa daga Damagaram, wadda ta ce mini ta daina ƙirga hawanta. Ta nuna mini yadda ake ɗaura santir, wato ɗamarar kujera, ta ciro carbi, ta lumshe ido. Ni kuwa kunnena ya fara aiki ba da izinina ba. Na ji dum a ƙasa, na kasa kunne. Na ji inji ya fara wani siririn kuka yana hawa, na ce to, wannan tashi ne, na gane. Muka yi gudu, ƙasa ta sake mu. Sai na ji gurum ƙarƙashin ƙafata, kamar an yar da buhun gero daga kan amalanke. Kafin in gama tunanin abin da ya faɗi, muryar injin da ke ruri ta yi ƙasa farat ɗaya.

Shekara ashirin na san ma'anar wannan. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Inji ya mutu! Wallahi ya mutu!"

Na yunƙura zan tashi, santir ya maido ni. Jirgi ya ɗauki salati. Wata mata a gaba ta rungume jaririnta, wani ƙato a bayana mai kwat da taye ya fara kiran sunan uwarsa. Ma'aikaciyar jirgi daga inda take ɗaure tana ɗaga hannu tana zuba Faransanci. Hajiya Zali ta buɗe ido ɗaya.

"Malam, kai ne direban?"

"Hajiya, makanike nike. Na san inji in ya..."

"Makaniken mi?"

"Injin ban ruwa."

Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Sannan ta ce, "To saurara. In amalanke za ta hito daga yashin gulbi, ba sai jaki ya ja da dukan ƙarfinsa ba? In ya hau tudu, sai ya ci gaba da ja haka? Sassautawa yake. Shi ne ka ji. Wancan gurum ɗin kuwa tayoyi ne suka shige ciki aka rufe musu ƙofa."

Na saurara da kyau. Injin yana nan, muryarsa daidai, ba tari ba tsallake. Kunya ta rufe ni. Amma abin da ya fi kunyar damuna shi ne tunanin cewa da Lawali ne a kujerar nan na yi wannan ihun, da na kashe shi da bakina. Na gaya wa Hajiya abin da ke kai ni Abijan. Ta daina dariya. Ta ce in ciro biro, kuma daga nan har muka sauka tana gaya mini kowace ƙara kafin ta zo, ni ina rubutawa a bayan ambulan ɗin biye. Ƙararrawar da ke cewa tin, ma'aikata ne ke kiran juna. Girgiza, iska ce mai gargada, kamar hanyar laterit, ta jar ƙasa, bayan damina. In an kusa sauka, fukafukai za su yi zuuu suna miƙewa, tayoyi su fito da gurum da hucin iska, in an taɓa ƙasa kuma inji ya yi ruri fiye da na tashi, birki ne yake kamawa.

Ta ce, "Ba ƙarar ke kashe mutum ba, rashin sanin tana zuwa ne. Ka riga ta faɗa mishi, shi ke nan."

A filin jirgin Abijan ta shige cikin mutane da jakunkunanta, ban ƙara ganinta ba.

Abijan zafinta jiƙaƙƙe ne, riga ba ta bushewa a jiki. Mutane suna wuce ka ba sallama, ba don wulaƙanci ba, kowa sauri yake. Sabi'u ya tarbe ni ya kai ni gidansu, wani dogon gida mai ɗakuna a jere, kusan duka mutanenmu ne, kuma kusan duka sana'arsu guda, sayar da garba. Garba ɗin nan tsakin rogo ne da aka turara, a ɗora soyayyen kifin teku da tattasai da albasa. Da shi suke karin kumallo, ba koko ba fura. Rana ta farko na ci don yunwa, rana ta uku na fara nemansa da kaina.

Lawali yana ɗakin ƙarshe. Na yi sallama na shiga. Mutumin da na sani ƙato, wanda yake ɗaga ni da hannu ɗaya ya jefa cikin tabki, na same shi a bakin katifa, ƙafafu a kumbure, wuya kamar na tsohon zakara, idanu a buɗe suna kallon gefen ƙofa.

"Rabe na?"

"Ni na, Yaya."

"Ka zo."

"Na zo."

Iyakar abin da muka iya ke nan. Na ciro busasshen kifin tabki da na kawo masa, ya karɓa ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa, bai ci ba, ya tura ƙarƙashin matashi. Kwana huɗu na yi a ɗakin, tabarmata da katifarsa ba su fi taki ɗaya tsakani ba, amma hirarmu ba ta wuce ka sha magani, ga buta, an kira salla. Ban tambaye shi yadda ya yi shekarun nan ba. Na ga gidan masu garba ne, na ɗauka shi ma garba ya sayar har ido ya tafi. In shirun ya ishe ni sai in fita bakin ƙofa in ciro ambulan ina haddace ƙararrakina kamar ɗan lakkol, wato makarantar boko.

Ranar dawowa aka tura shi a keken marasa lafiya, mu aka fara shigarwa. Na ɗaura masa santir, na kama hannunsa, na ji jijiyarsa tana bugawa da sauri. Da aka ji dum a ƙasa na ce da muryar masani, "Kak ka damu, Yaya, ƙohwar kaya ce aka ruhe." Ya ce, "To." Inji ya fara kuka, na ce tashi ne. Ya ce, "To."

Sai ga wata ƙara da ba ta cikin ambulan ɗina. Daga ƙarƙashin kujera take, gur, gur, gur, kamar ana zarta katako mai tauri, ta tsaya, ta sake. Har ƙasan jirgin yana rawa a tafin ƙafata. Ban ji ta a zuwa ba, Hajiya ba ta ambace ta ba. Kunnena ya ce ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na danne bakina kada in maimaita abin da na yi, amma hannu ba ya ƙarya, tafina ya jiƙe da gumi a cikin nasa.

Sai na ji ya matse hannuna.

"Kwantar da hankalinka. Famfon mai na. In inji guda ya tashi ɗayan bai tashi ba, shi ka raba ƙarhi tsakaninsu. Yanzu za shi yi shiru."

Bai rufe baki ba ƙarar ta ɗauke.

"Yaya, ina ka san wannan?"

"Shekara ashirin da shida ina ƙarƙashin jiragen nan ina loda kaya. Wadda ka ce an ruhe ma ta baya ce, ta gaba sun riga sun ruhe ta tun muna zama."

Na rasa inda zan sa fuskata, ko da yake ba ya ganinta. Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai a cikin jirgi nake jin aikin da ya ci ƙarfinsa. Na ce, "Ashe ni ke ta ɓata bakina."

Ya ce, "A'a. Ni na ƙasa kawai na sani. Ban taɓa shiga ciki ba sai yau. Da tayoyin nan sun bar ƙasa, ban san komi ba, Rabe, kuma tsoro nike ji. Daga nan kai za ka riƙe ni."

Jirgi ya kama gudu. Na kai bakina kusa da kunnensa ina riga kowace ƙara. "Yanzu za ka ji gurum, tayoyi na." Gurum. "Yanzu inji za shi sassauta kamar ya mutu. Bai mutu ba. Ni na yi mishi ihu a zuwa, har wani mai kwat ya kira uwarsa." Injin ya yi ƙasa, farcensa ya shiga fatata, numfashinsa ya tsaya. Sai kuma ya saki wata 'yar dariya, ta farko da na ji daga bakinsa cikin shekara tara, numfashin ya dawo. Na bi bugun jijiyarsa da yatsa kamar yadda nake bin inji bayan gyara, har na ji ta daidaita.

Aka kawo abinci a 'yan kwanonin roba, na ba shi a baki, ya ci loma uku. Muka shiga gargada, na ce iska ce. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Ranar da Inna ta rasu akwai jirgin Yamai."

Na ajiye cokalin, ya ci gaba.

"Na roƙi shugabanmu izini, ya ce in na tahi kar in dawo. Na tsaya ina lissahin bakunan da ke ci daga aikin, har da naku. Ni na loda kayan jirgin nan da hannuna, na ruhe ƙohwa, na tsaya ina kallonsa ya tashi. Da na kira in gaya maka, ka kashe."

Ban ce masa ya yi daidai ba, don har yanzu ban sani ba ko ya yi daidai. Amma na san shekara tara na kwana da fushi a kan mutumin da ban bari ya ƙarasa magana ba, shi yana can shi kaɗai, ni ina nan ni kaɗai. Na ce, "Yaya, ka yahe mini." Ya ce, "Mi ke zuwa yanzu?" Na duba ambulan da idanun da ba su gani sosai na ce fukafukai ne, za su yi zuuu.

Sauran hanyar ba ta da labari. Mun kwana a Yamai, mun kwana a Ƙonni, mun iso Madarumfa da ransa, kuma waɗanda suka zo gaishe shi sun gan shi. Likita a Maradi bai yi mana alkawarin komai ba, mu ma ba mu nema ba. Amma kun tambaye ni yadda jirgi yake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a sama ya faru ba, bayan mun sauka ne.

Mai keken marasa lafiya shi ake fara shigarwa, kuma shi ne na ƙarshen fita. Don haka da muka tsaya a Yamai kowa ya kwashi jakarsa ya fice, aka bar mu mu biyu a cikin dogon jirgi ba kowa, muna jiran a kawo keke. Injuna suka mutu, wannan karon da gaske. Sai wani siririn kuka ya taso daga ƙasa, ya biyo da ƙaras. Lawali ya karkata kai ya ɗaga yatsa, kada in yi magana.

"Sun buɗe ƙohwa."

Muka ji dum, dum, ana jan kaya. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya da leɓɓansa. Wata jaka ta faɗi da ƙarfi, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan sabon hannu na, jihwa yake, bai san akwai tsarabar mutane ciki ba." Ya ƙara saurarawa. Kayansa duka na shekara talatin da ɗaya jaka guda ce, ba ta ma cika ba, tana can a cikinsu.

"Kullum in na ɗauki jakar Yamai sai in ce a raina, mai wannan yau gida za shi kwana," in ji shi. Hawaye suna bin kumatunsa, bai share ba. "Rabe, saurara da kyau, kai ke da kunne. Cikin waɗannan akwai tawa."